Gidan Ƴar Tsana da Tubalan Gini: Wace Duniya Muke Saya wa Yaranmu?



Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ta Maraɗi, a ƴan kwanakin da ke gabanin Salla, zai ga yadda kayan wasan yara suka cika teburori da shimfiɗu. A da ƴar tsana guda ko mota guda ake sayarwa. Yanzu abin ya koma saiti, wato kwali ɗaya ɗauke da ƙaramar duniya sukutum. Wannan ɗakin girki ne da murhunsa da tukwanensa, wancan asibiti ne da likita da gadon majiyyaci, ga na ƴan kwana-kwana, ga na soja, ga gidan ƴar tsana mai bene da madubi. Mai saye ba ya buƙatar tambaya kafin ya san wanne aka yi domin wa: kwali ruwan hoda na ɗiya ne, shuɗi ko baƙi na ɗa namiji. In kuma aka duba ƴan mutanen roba da ke cikin kwalayen, da wuya a sami mai kama da yaron da za a kai wa tsarabar.

Galibinmu ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Wasa ne, in ji mu, gobe zai karye a zubar. Sai dai magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro ɗan shekara huɗu ya fi daɗewa tare da kayan wasansa fiye da yadda yake daɗewa a gaban malami. Saitin wasa yana koya masa abu biyu a ɓoye: su wane ne mutanen da ake lissafi da su a duniya, da kuma aikin da ya dace da kowannensu. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowar mu buɗe kwalin tare, mu ga wanda ya shirya shi da abin da ya zuba a ciki.

Yadda aka raba kanti gida biyu

Mafi yawan kayan wasan da ke kasuwanninmu daga China suke fitowa, musamman daga masana'antun Shantou da ke lardin Guangdong. Ƴan kasuwa kan saro su a Yiwu ko Guangzhou ko Dubai, su biyo da su ta teku har su iso mana. Amma zubin ba a can aka ƙirƙiro shi ba. Masana'antun suna kwaikwayon samfurin manyan kamfanonin Amurka da Turai ne, irin su Mattel mai ƴar tsanar Barbie, da Lego na ƙasar Danmak mai tubalan roba, da Playmobil na Jamus. Wanda ke son ya gane kwalin da ke kan teburin ɗan tireda a Tawa, sai ya leƙa tarihin waɗannan kamfanoni.

Ko a can ɗin ma, rabon kayan wasa tsakanin maza da mata bai zauna a kan hali ɗaya ba. Wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Elizabeth Sweet, ta bi diddigin kundayen talla na kantin Sears na shekaru masu yawa. Ta tarar daga shekarun 1920 zuwa na 1960 ana tallata wa ƴan mata tsintsiya da tukwane, ana tallata wa maza kayan gini da na ƙira. A kundin 1975 kuwa, kayan wasan da aka fito fili aka ce na maza ne ko na mata ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Zuwa 1995 sun koma kusan rabi. Ɗaya daga cikin dalilan wannan juyi shi ne a 1984 hukumomin Amurka sun sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara na talabijin. Daga nan kamfanoni suka shiga shirya majigin yara domin tallar abin wasa kawai, wannan shiri na maza, wancan na mata.

Lissafin ɗan kasuwa a nan ba ɓoyayye ba ne. Gidan da ke da ɗa da ɗiya, in abin wasa na kowa ne, sau ɗaya za a saya, ƙanwa ta gaji na wanta. In aka shafa wa ɗaya ruwan hoda, aka shafa wa ɗayan shuɗi, to an yi ciniki biyu. Katangar da muke gani tsakanin kwalaye, wadda wasunmu ke zaton al'ada ce ko ma addini, babban rabonta dabarar ciniki ce.

Abin da ya faru da Barbie da Lego

An fito da Barbie ran 9 ga Maris 1959 a birnin New York. Kafin ita, galibin ƴan tsanan kanti jarirai ne, yarinya ta goya ta lallasa. Ruth Handler, wadda ta ƙirƙiro ta, ta lura ɗiyarta Barbara ta fi son ta riƙa kwatanta rayuwar manya, sai ta yi ƴar tsana budurwa. A wani gefen abin ya buɗe ƙofa: gidan Barbie na farko, na 1962, ko ɗakin girki babu a ciki, kuma a 1965 an sa mata kayan ƴan sama jannati, shekara huɗu kafin ɗan Adam ya taka wata. A ɗaya gefen kuma, an yi mata ƙirar jiki da babu macen da ke da irinta, aka cika duniyarta da tufafi da kwalliya. A 1992 aka fitar da wata mai magana, wadda cikin kalamanta har da kukan cewa darasin lissafi yana da wuya. Ƙungiyoyin mata masu ilimi suka yi ca, kamfanin ya cire wannan jimla.

Shi kuwa Lego, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932. Tubalin da aka sani yau an yi masa rajista a 1958, ƴan mutanen nan masu launin rawaya kuma sun zo a 1978. Da fari ana tallar tubalan ga yara duka. Sannu a hankali saitin ya karkata ga yaƙi da ƴan sanda da ƴan fashin teku, har kamfanin da kansa ya amsa cewa kusan tara cikin goma na masu wasa da kayansa maza ne. A 2012 ya fitar da Lego Friends domin ƴan mata: ƙawaye biyar a wani gari mai shagon gyaran gashi da gidan shayi da asibitin dabbobi, cikin launukan hoda da shunayya. Mutane fiye da 50,000 suka sa hannu a takardar koke, suna tambayar abin da ya sa ba za a ƙara mata cikin saitin da ake da shi ba, sai an keɓe musu unguwa. Duk da koken, kayan sun sami kasuwa ƙwarai, kuma sun jawo ƴan mata da yawa ga harhaɗa tubala.

A farkon 2014 wata yarinya ƴar shekara 7 ta rubuta wa kamfanin wasiƙa wadda jaridu suka yaɗa. Ta koka cewa matan da ke cikin saitin ba su da abin yi sai zaman gida da zuwa kanti, alhali mazan suna aiki, suna ceton mutane. A shekarar ne aka fitar da saitin mata uku masu bincike, da masaniyar taurari, da mai kimiyyar sinadarai, da mai nazarin ƙasusuwan dabbobin da, bisa shawarar Ellen Kooijman, wadda ita kanta masaniyar kimiyya ce a Suwidin. Cikin ƴan kwanaki kayan suka ƙare a kanti. A 2021 Lego ya sa aka tambayi iyaye da yara kusan 7,000 a ƙasashe bakwai. Sakamakon ya nuna yara maza 71 cikin 100 suna tsoron a yi musu dariya in aka gan su da abin wasan da ake cewa na mata ne. Ashe katangar ta fi tsare ɗa namiji fiye da yadda ake zato. Bayan haka kamfanin ya yi alkawarin daina raba kayansa da sunan na maza ko na mata.

A Faransa ma, a watan Satumba 2019, gwamnati da masu ƙera kayan wasa da masu sayarwa sun rattaba hannu kan wata yarjejeniya ta rage wannan rabo a kundayen talla da kantuna, bisa hujjar cewa ƙasar na ƙarancin mata a fannin injiniya da kimiyya. Darasin da ke cikin duk waɗannan labarai ɗaya ne: kamfani yakan gyara ne in iyaye sun yi magana, kuma ya hango riba a gyaran.

Abin da yaro ke samu da abin da yake rasawa

Ba muna cewa ɗa da ɗiya halinsu ɗaya ba ne. Duk uwar da ta reni biyun ta san akwai bambanci, kuma bincike da dama ya nuna a jimlace yara maza sun fi karkata ga abu mai ƙafafun gudu, mata kuma ga ƴar tsana. Amma jimla daban, yaro guda daban. Akwai ɗiyar da hannunta ke ƙaiƙayin kwance rediyo, akwai ɗan da ya fi kowa iya lallashin ƙaninsa. Kuma kowane irin wasa yana da abin da yake ginawa a kan yaro.

A 2015 masu bincike biyu a Amurka, Jamie Jirout da Nora Newcombe, sun duba bayanan yara 847 masu shekara 4 zuwa 7. Sun ga yaran da suka fi yawan wasa da tubala da harhaɗa gutsattsarin hoto sun fi iya auna siffa da tazara a ƙwaƙwalwa. Wannan baiwa ita ce jarin magini da tela da injiniya, kuma tana taimakon ɗalibi a lissafi. A 2020 kuma wasu masana na jami'ar Cardiff a Birtaniya sun auna ƙwaƙwalwar yara suna wasa da ƴan tsana, suka ga sashen da ke aikin fahimtar zuciyar wani yana motsawa ko da yaron shi kaɗai yake wasa, kuma haka abin yake ga maza da mata. Kamfanin Mattel ne ya ɗauki nauyin wannan bincike, yaran kuma ba su da yawa, don haka a riƙe shi da sassauci. Duk da haka ya yi daidai da abin da kakanninmu suka sani: mai goyon ƴar tsana yana koyon tausayi.

Idan haka ne, ɗiyar da ba a taɓa ba ta tubali ba an rage mata wani abu, ɗan da aka yi wa dariya don ya ɗauki ƴar tsana shi ma an rage masa. Mu ne kuma gobe za mu je asibiti da iyalinmu muna neman likita mace, mu ne za mu yi kukan mazajen da ba su san ɗaukar jariri ba ko da matar tana kwance ba lafiya.

Su wane ne a cikin kwalin?

Batu na biyu shi ne kamanni. A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙaƙe 253 masu shekara 3 zuwa 7 ƴan tsana iri ɗaya, waɗanda ba su bambanta ba sai a launi. Kusan biyu cikin uku suka zaɓi farar domin wasa, fiye da rabi kuma suka nuna baƙar a matsayin mummuna. Da aka ce kowa ya nuna mai kama da shi, wasu yaran kuka suka fashe da shi. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Clark a hukuncinta na 17 ga Mayu 1954 wanda ya haramta raba makarantu bisa launin fata. A 2005 wata ɗaliba mai suna Kiri Davis ta maimaita gwajin a New York da yara 21, sai 15 suka zaɓi farar.

Ba ƴar tsana ce ta haifar da wannan rauni ba, zaman wariya ne ya haifar da shi. Ita dai ta fito da shi fili, kuma tana iya ƙara masa gishiri. Mu da muke ganin yadda man shafawa mai sauya launin fata ke cin kasuwa a garuruwanmu, har wasu ƙasashe irin su Kodibuwa a 2015 suka kafa dokar hana shi, bai kamata mu yi sakaci da abin da ɗiya ƴar shekara uku ke goyawa tana kira kyakkyawa ba.

Kamfanonin sun daɗe kafin su waiwayi wannan. Mattel ya fitar da Christie, baƙar ƙawar Barbie, a 1968, amma sai a 1980 aka sami baƙar ƴar tsana mai ɗauke da sunan Barbie kanta. Sai a 2016 aka yi mata ƙirar jiki iri-iri da launin fata bakwai. Wani lokaci kuma shigar da baƙo cikin kwalin kan zo da cin fuska. A 2015 wata uwa a Amurka ta tarar a saitin jirgin ƴan fashin teku na Playmobil akwai baƙin mutum da aka ce a sa masa ƙarfe a wuya irin na bayi. Kamfanin ya ce yana nufin tsohon bawa ne da ya shiga cikin ƴan jirgin, amma yaron da aka saya wa ba tarihi ya gani ba, mai kama da shi ya gani da mari a wuya. Haka a 1997 an yi wa Barbie ƙawa mai keken guragu mai suna Becky, sai aka tarar kekenta ba ya shiga ƙofar gidan Barbie. Kafin a sake fitar da mai keke tare da matakalar gangare, sai da aka kai 2019.

Amsar Musulmi da ta ƴan Afirka

Wasu ba su tsaya jiran kamfanonin Yamma ba. A 1996 wani Bafalasɗine mazaunin jihar Michigan, Ammar Saadeh, da matarsa suka fitar da Razanne mai hijabi. A 2002 Iran ta fitar da Dara da Sara. A ƙarshen 2003 kamfanin NewBoy ya fito da Fulla daga Siriya, da abayarta da dardumar sallarta, ta kuwa mamaye kantunan ƙasashen Larabawa cikin ɗan lokaci. A Legas, Taofick Okoya ya nemi baƙar ƴar tsana domin ɗiyar ɗan'uwansa ya rasa, sai ya kafa Queens of Africa a 2007, da ƴan tsana uku: Nneka, Wuraola, da Azeezah wadda ke wakiltar Hausawa. Ana ƙera jikinsu a China, a yi musu kitso da sutura a Legas, kuma zuwa 2014 yana sayar da 6,000 zuwa 9,000 a wata. A Abijan, Sara Coulibaly ta kafa Naima Dolls a 2015 da irin wannan niyya. Daga baya Mattel ya biyo sahu: a 2017 ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, a siffar Ibtihaj Muhammad, Musulma baƙar fata da ta ci lambar tagulla a wasan takobi a gasar Olamfik ta Rio a 2016.

Wannan ƙoƙari abin yabo ne, amma yana da iyaka. Fulla ta rufe jiki, sai dai tsawonta da ƙirarta kusan na Barbie ne, fatarta kuma irin ta mutanen Sham ce, ba irin ta ɗiyar Filinge ko Garwa ba. Sannan ko an sauya launi an ɗaura ɗankwali, in abin da ke cikin kwalin bai wuce madubi da jaka da takalma ba, saƙon yana nan yadda yake. Tambayar kamanni ba ta wadatar ba sai an haɗa ta da tambayar aiki: wannan da ta yi kama da ɗiyata, me take yi? Masu Fulla sun gane haka, shi ya sa suka fitar da ita a matsayin likita da malamar makaranta.

Abin da muka gada

Kafin kwali ya zo, yaranmu su ke ƙera duniyarsu da hannunsu. Ƴar tsana ta ƙashin ƙafar rago ce, ko ta kara, ko ta totuwar masara, a naɗa mata ƙyallen da aka tsinto a shagon tela. Ba ta da fuskar da wani ya zana mata daga nesa, don haka yarinya ke yanke ko wace ce: yau amarya, gobe jaririya, jibi kaka. Gwangwanin tumatir ya zama tukunya, a tuƙa tuwon ƙasa. Maza su ƙera motar kara da ta waya da ta gwangwani, su gina shanu da raƙuma da laka. Akwai rabo tsakanin maza da mata a wannan wasa, ba mu musa ba. Amma kowa maƙeri ne: yarinyar da ta ɗinka wa ƴar tsanarta riga ta auna, ta yanka, ta harhaɗa. Saitin kanti kuwa a gama yake zuwa, an riga an raba wa kowa aikinsa.

Rabon aikin da ke cikin kwalin ma bai yi daidai da rayuwarmu ba. A garuruwanmu mai shayi da mai tsire da mai kilishi maza ne, galibin teloli ma haka. A Abzin mace ce ke kafa tantin iyali, kuma ita ke da shi. Tukwanen Bubon hannun mata ne. A garin Dandaji na jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili su suka zana sabon masallaci, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka kammala aikin a 2018. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sama a rundunar sojan Nijar. Kwalin da ke gaya wa ɗiyarmu cewa gini da tuƙi ba nata ba ne, ya zo ya tarar da mata suna yi.

Tun da batun ƴar tsana ya shafi hukunci, yana da kyau mu tuna abin da ya zo a hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawuda, ya ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Doki ne a cikin kayan wasan yarinya, kuma ba a ce mata na maza ba ne. Rubayyi'u ɗiyar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa na ulu don ya ɗauke musu hankali daga yunwa ranar azumin Ashura. Da irin waɗannan ne malamai da yawa suka halatta ƴan tsanan yara, wasu kuma suka ƙyamaci masu cikakkiyar siffa irin na roba. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Game da ɗa namiji da tukunyar wasa kuwa, ya ishe mu cewa Nana A'isha ta siffanta Manzon Allah da mai hidimar iyalinsa a cikin gida, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa.

Shawara ga iyaye

Ba duk abin da ake jayayya a kai a Turai da Amurka ne ya shafe mu ba, kuma ba mu da buƙatar aro rigimar wasu. Namu mai sauƙi ne, kuma yana hannunmu.

Da farko, kafin a biya kuɗi a juya kwalin a duba. Mutum nawa ne a ciki, maza nawa, mata nawa? Wa ke riƙe da abin auna zuciya, wa ke riƙe da tsintsiya? In akwai baƙi, likita ne ko ɗan dako? In saitin asibiti ne mai likita namiji da ma'aikaciyar jinya mace, babu laifi, amma wata rana a musanya musu kaya a ga abin da yaro zai ce.

Na biyu, kowane gida ya sami abin ginawa da abin renawa, a zuba su a kwando ɗaya na yara duka. Ba sai an sayi mai tsada ba. Kafintan unguwa zai iya yanka guntayen katako ya goge su su zama tubala, tela zai ɗinka ƴar tsanar ƙyalle baƙa ya yi mata zane da ɗankwali, maginiyar tukwane za ta gina ƴan ƙananan tukwane. Kuɗin ya zauna a unguwa, yaro kuma ya ga wanda ya yi.

Na uku, a cika kwandon da irin mutanen da yaro ke gani in ya fita ƙofar gida: Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare, mai rawani da mai hula, tsoho mai sanda, gurgu mai keke, zabiya. Yaron da ya saba ba gurgu matsayin malami a wasansa, da wuya ya yi wa na gaske ature a hanya.

Na huɗu, mu kiyaye harshenmu. Dariyar uba ko ta yaya a kan yaron da ya goya ƴar tsana, ko tsawar da ake daka wa ɗiya don ta tsuguna tana ƙera motar kara, ta fi kowane kwali tasiri. Kunya da kamun kai da sutura muna koyar da su a wurinsu, kuma tubalin katako ba ya rage ko ɗaya daga cikinsu.

Na biyar, a riƙa tambayar ƴan kasuwa. Mai tireda abin da ake nema yake sarowa. In iyaye goma suka tambaye shi baƙar ƴar tsana ko saitin gini marar bindiga, zai gaya wa dilansa, dila ya gaya wa masana'anta. Da irin wannan tambaya ce iyayen wasu ƙasashe suka sa manyan kamfanoni suka sauya. Ƙungiyoyin matanmu da ke koyar da ɗinki da saƙa su ma ga sana'a a gabansu, domin kasuwar ƴar tsana mai kama da ɗiyanmu har yanzu ba ta cika ba.

Yara amana ce a hannunmu, kuma abin da muka sa a hannunsu yana cikin amanar. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su zama sanyin idanunmu, maza da mata. Amin.